Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi: Labarin Koriyawan Da Suka Koma Ƙasar Kakanninsu

A zangon karatun da ya gabata, ina cikin koya wa ɗaliban aji uku darasin yadda harsuna suke raunana har su kai ga mutuwa, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce shi fa bai ga abin tayar da hankali a nan ba. A ganinsa harshe riga ce, in ta tsufa sai a sake wata, asali kuwa yana cikin jini, babu abin da zai goge shi. Nan take aji ya kaure da musu, wasu na goyon bayansa, wasu na ganin ya yi kasassaɓa. Maimakon in yanke musu hukunci, sai na ba su labarin wata al'umma da tarihi ya gwada wannan magana a kanta, wato Koriyawan da suka daɗe a ƙasashen ƙetare, daga baya jikokinsu suka kama hanyar komawa gida. Da na gama, sai na ga dacewar in kawo labarin wannan shafi, domin da yawa daga cikin masu karatu iyaye ne, kuma maganar ta fi shafarsu fiye da ɗalibaina.

Al'umma ɗaya, sunaye barkatai

Akwai mutane wajen miliyan 7 'yan asalin Koriya da ke zaune a wajen ƙasar, mafi yawansu a Amurka da Sin da Japan da ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Abin da ya fara jan hankalina a matsayina na mai nazarin harshe shi ne, waɗannan mutane ba su ma haɗu a kan suna ɗaya ba. Mutumin Koriya ta Kudu yana kiran ƙasarsa Hanguk. Na Arewa yana cewa Joseon. Waɗanda ke Sin ana ce musu Joseonjok. Na Japan kuwa ana kiran su Zainichi, kalmar Japananci ce mai ma'anar mazauna Japan, kamar dai a ce baƙi masu zaman wucin gadi, alhali an haifi wasunsu da iyayensu da kakanninsu a can. Na ƙasashen Sobiyet su kuma suka raɗa wa kansu Koryo-saram, wato mutanen Koryo, suka koma ga sunan tsohuwar daular da ta yi mulki daga shekarar 918 zuwa 1392, wadda daga gare ta ne duniya ta samo sunan Koriya. A kan waɗannan na ƙarshe ne zan fi tsayawa.

Tun wajen shekarar 1863 manoma daga lardin Hamgyong da ke ƙuryar arewa maso gabashin Koriya suka fara ƙetare kogin Tumen suna shiga ƙasar Rasha, yunwa da ƙarancin ƙasar noma suka koro su. Da Japan ta haɗiye Koriya a 1910, sai ƙaura ta ƙaru, har da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci. Kafin a ankara sun kafa ƙauyuka a kewayen birnin Vladivostok, suna da makarantu masu koyarwa da harshensu, da kwalejin horar da malamai, da jarida mai suna Sonbong da aka kafa a 1923, da gidan wasan kwaikwayo da aka buɗe a 1932. Wato dai sun bar gida, amma sun tafi da harshensu da alƙalaminsu.

Shekarar 1937

Ranar 21 ga Agusta, 1937, Stalin da Molotov suka sa hannu a kan wani umarni na kwashe dukkan Koriyawa daga yankin gabas mai nisa, bisa zargin cewa Japan za ta iya amfani da su wajen leƙen asiri. Abin takaici, da yawansu Japan ɗin ce suka gudo wa. Cikin 'yan watanni aka loda mutum kusan dubu 172 a jiragen ƙasa 124, a taragun da aka yi domin kaya da dabbobi, aka yi tafiyar kusan wata guda da su, nisan da ya kai kilomita dubu 6, aka sauke su a Kazakistan da Uzbekistan ana dab da shiga hunturu. Waɗanda aka sauke a Ushtobe ramuka suka haƙa a ƙasa suka rufe samansu, a ciki suka yi sanyin wannan shekara. Dubban yara da tsofaffi ba su ga bazara ba. Har yau zuriyarsu ba su manta da makiyayan Kazak da suka raba ɗan abincinsu da su ba.

Mai karatu, kada ka ɗauka sun zauna suna kuka. Waɗanda suka tsira sun haƙa magudanan ruwa, suka mayar da fadamu da faƙo gonakin shinkafa da auduga da albasa. Wani daga cikinsu, Kim Pen Hwa, wanda ya shugabanci wata gonar haɗin gwiwa kusa da Tashkent, sau biyu ana ba shi lambar girmamawa mafi girma ta ma'aikata a Tarayyar Sobiyet. Bayan mutuwar Stalin a 1953 aka sassauta musu takunkumin tafiye-tafiye, 'ya'yansu suka kwarara birane da jami'o'i. Daga cikin zuriyarsu aka samu Nelli Kim, wadda ta ci lambobin zinare a gasar Olamfik ta 1976, da mawaƙi Viktor Tsoi, wanda matasan Rasha ke girmamawa har yau, shekaru da dama bayan rasuwarsa a 1990.

Sai dai wannan ci gaba da harshensu suka saye shi. A 1938 aka mayar da makarantunsu na Rashanci, har da kwalejin malaman da aka ɗauko daga Vladivostok aka dasa a Kyzylorda. Duk mai nazarin harshe ya san abin da ke biyo bayan irin wannan: kaka tana jin harshen gida kaɗai, uwa tana jin biyu, 'ya tana fahimta amma ba ta iya mayarwa, jika kuwa sai sunayen abinci da na dangi. Ba a buƙatar a haramta harshe da bulala, ya isa a raba shi da makaranta da ofis da hanyar samun abinci, iyaye da kansu za su ƙarasa sauran aikin saboda son ci gaban 'ya'yansu. A ƙidayar 1989, kusan rabin Koriyawan Sobiyet Rashanci suka rubuta a matsayin harshensu na uwa. Jaridar nan tasu ta ci gaba da fitowa a ƙarƙashin sunan Lenin Kichi, a 1991 ta koma Koryo Ilbo, amma akasarin shafukanta sun koma na Rashanci.

Harshen da ya rage a bakin tsofaffi, wanda ake kira Koryo-mar, shi ma yana da nasa labarin. Tushensa karin harshen Hamgyong ne na ƙarni na 19, wanda ko a cikin Koriya ya yi nisa da na birnin Seoul. Yana rarrabe kalmomi da hawa da saukar murya, abin da Bahaushe ya saba da shi, alhali karin Seoul ya daɗe da barin wannan. Ko sunan ma shaida ne: kalmar da mutumin Seoul ke furtawa mal, wato magana, su mar suke cewa. Ga kuma ɗimbin kalmomin aro daga Rashanci. Misalin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne morkovcha. Da aka kai su inda babu irin kabejin da suke haɗa kimchi da shi, sai suka yanka karas siri-siri suka haɗa da tafarnuwa da barkono da mai. Rabin sunan Rashanci ne, ma'anarsa karas, rabi kuma Koriyanci. A kasuwannin Rasha ana sayar da shi a matsayin abincin Koriya, a Koriya kuwa ba a san shi ba sai da jikokin suka koma da shi. Halin da masu abincin suka tsinci kansu ke nan.

Hanyar komawa

Wajen shekara arba'in ƙofar Koriya ta Kudu tana rufe gare su. Gasar Olamfik ta Seoul a 1988 ce ta nuna wa da yawansu a talabijin cewa ƙasar da suke jin labarinta a matsayin matalauciya ta zama wani abu dabam. A 1990 aka ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin Seoul da Mosko, a 1991 kuma Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Nan wata sabuwa ta taso. Sababbin ƙasashen suka ɗaukaka harsunansu, Bakoriyen Tashkent da ya sayar da harshen kakansa ya sayi Rashanci sai ya wayi gari ana neman harshen Uzbek kafin a ba shi aikin gwamnati. Ga tattalin arziki ya durƙushe, ga yaƙin basasa a Tajikistan. Sai idanu suka koma gabas.

Amma gidan bai buɗe ƙofa da sauri ba. A 1999 Koriya ta Kudu ta yi dokar 'yan asalin ƙasar mazauna ƙetare, wadda ta ba su damar zama da yin aiki. Sai dai an tsara ta yadda za ta amfani waɗanda suka fita bayan kafa ƙasar a 1948 kaɗai, wato akasari masu hali da ke Amurka da Turai. Waɗanda yunwa da mulkin mallaka suka kora zuwa Sin da Rasha tun kafin nan, aka bar su a waje. A 2001 kotun tsarin mulki ta ce wannan ya saɓa wa ƙa'idar daidaito, aka gyara dokar a 2004. A 2007 aka ƙirƙiro wata biza ta musamman da ta ba su damar shigowa su yi ayyukan ƙarfi a masana'antu da wuraren gine-gine da gonaki. Duk da haka dokar ta tsaya a kan jika, ba ta san da tattaɓa-kunne ba. Yaron da ya biyo iyayensa, ya yi makaranta a Koriya, da zarar ya cika shekara 19 sai ya zama baƙon da dole ya fita. Sai a 2019 aka cire wannan iyaka.

A yau Koryo-saram wajen dubu 100 ne ke zaune a Koriya ta Kudu. Sun taru a unguwanni irin su Ttaetgol a Ansan, da Hambak a Incheon, da Wolgok a birnin Gwangju, inda allunan shaguna ke ɗauke da rubutun Rashanci, ana gasa gurasar Uzbekistan a tanderu, ana sayar da karas ɗin nan da muka ambata. Unguwar Gwangju ta kafa rediyonta da wurin renon yara da ɗakin tarihi, kuma da yaƙi ya ɓarke a Yukren a 2022, ita ce ta tara kuɗin jirgi ta kwaso ɗaruruwan 'yan uwansu da ke can.

To, a nan ne maganar ɗalibina ta gamu da gaskiya. Ga jini, ga kama, ga sunan zuriya irin su Kim da Pak da Choi, amma da zarar mutum ya buɗe baki sai a gane shi. Injiniya ko malamar makaranta daga Tashkent sai su ƙare a ɗaukar kaya a masana'anta, domin takardunsu ba sa magana, su ma ba sa iyawa. Wanda ya riƙe 'yan kalmomin kakarsa ma bai tsira ba, domin in ya furta su sai su yi kama da maganar mutanen Arewa ko ta tsofaffin ƙauye, Koriyancin Seoul kuwa ya cika da kalmomin aro daga Ingilishi waɗanda kakarsa ba ta taɓa ji ba. Sannan harshen Koriya yana da matakan girmamawa da ake liƙawa a jikin aikatau, yadda za ka yi wa tsaranka magana dabam, yadda za ka yi wa na gaba da kai dabam. Ka ƙaddara saurayi ya shiga gidan surukai yana ce wa dattijo kai a inda ya kamata ya ce ku. Baturen da ya yi irin wannan kuskure a Seoul dariya za a yi a yaba masa ƙoƙari. Mai fuskar 'yan gida kuwa sai a ce ba shi da tarbiyya. Kamannin da ya zaci za su zame masa shaida, su ne suka hana a yi masa uzuri. A can ana ce masa Bakoriye, a nan ana ce masa Barashe.

Waɗanda suka jira jirgi

Akwai wani rukuni da labarinsu ya fi ban tausayi. Kudancin tsibirin Sakhalin yana hannun Japan daga 1905 zuwa 1945, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta kwaso Koriyawa, akasari daga kudancin ƙasarsu, domin haƙar kwal. Da aka ƙare yaƙi tsibirin ya koma hannun Sobiyet, Japan ta turo jirage ta kwashe mutanenta, ta bar Koriyawa wajen dubu 43. Sun taru a tashar jiragen ruwa ta Korsakov suna jiran nasu jirgin, bai zo ba. Da yawa suka ƙi karɓar takardar zama ɗan ƙasa ta Sobiyet tsawon shekaru, don gudun kada ta hana su komawa.

A shekarar 2000 aka buɗe musu rukunin gidaje a Ansan, Koriya ta ba da fili, Japan ta ba da kuɗin gini, aka sa masa suna Gohyang, wato mahaifa. Amma an gindaya sharaɗi: sai wanda aka haifa kafin 15 ga Agusta, 1945. Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya sai ya zaɓa, ko a binne shi a ƙasar iyayensa, ko ya ƙarasa rayuwa a gaban 'ya'yansa da jikokinsa. Shirin da aka yi don haɗa iyalai sai ya sake raba wasu. Dokar da ta fara aiki a 2021 ce ta buɗe wa 'ya'ya ƙofar rakiyar iyayensu, bayan da yawa daga cikin tsofaffin sun riga sun kwanta dama.

Na Japan kuwa jirginsu ya zo, amma da ma bai zo ba. Koriyawa wajen dubu 600 ne suka rage a Japan bayan yaƙi, a 1952 aka raba su da matsayin 'yan ƙasa, suka zauna cikin wariya da talauci. Sai Koriya ta Arewa ta shiga yi musu romon baka, wai aljannar duniya na jiran su, da gida da aiki da makaranta da asibiti kyauta. Jirgin farko ya tashi daga Niigata a watan Disamba na 1959, kuma zuwa 1984 mutum 93,340 ne suka tafi, har da Japanawa matan aure da suka bi mazajensu. Mafi yawansu asalinsu daga kudu ne, ba su taɓa taka Arewa ba, saboda haka ko kalmar komawa ma ba ta dace da tafiyar ba. Suka tarar da yunwa da zargi, aka jefa su a rukunin waɗanda ba a yarda da su ba, aka kuma rufe ƙofar fita. Wata daga cikinsu, Kawasaki Eiko, ta tafi a 1960 tana da shekara 17, ba ta samu kuɓuta ba sai a 2003, kuma a 2018 ita da wasu mutum huɗu suka shigar da ƙarar gwamnatin Koriya ta Arewa a wata kotu a Tokyo.

Gawar da aka yi wa maraba

Janar Hong Beom-do shi ne ya jagoranci mayaƙan 'yanci suka fatattaki sojojin Japan a Bongodong a 1920. Yana cikin waɗanda aka kwashe a 1937, a shekarunsa na ƙarshe ya yi gadin gidan wasan kwaikwayon Koriyawa a Kyzylorda, inda ya rasu a 1943. Ranar 15 ga Agusta, 2021, aka ɗauko ƙasusuwansa daga Kazakistan, jiragen yaƙi suka yi masa rakiya, Shugaba Moon Jae-in da kansa ya tarbe shi, aka binne shi a maƙabartar gwarazan ƙasa da ke Daejeon. Shekara biyu kacal bayan haka, a 2023, sai ga taƙaddama ta tashi a kan ɗauke mutum-mutuminsa daga harabar kwalejin horar da hafsoshin soja, bisa hujjar cewa ya taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis. In har gwarzon da ya mutu bai tsira daga tambayar na wa ne shi ba, ina ga jikan manomi da ke neman ɗakin haya a Ansan?

Adalci ne a faɗi cewa abubuwa suna sauyawa. A 2023 gwamnatin Koriya ta Kudu ta kafa hukuma ta musamman mai kula da 'yan asalin ƙasar mazauna ƙetare. A wannan shekarar ce kuma adadin haihuwa a ƙasar ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya, har garuruwan da ke rasa jama'a irin su Jecheon suka shiga zawarcin Koryo-saram da tallafin zama da na koyon harshe. Wani zai ce buƙata ce ta tuna musu da zumunci. Ko da haka ne, yaran da suka shiga makarantun Koriya tun suna ƙanana suna kama harshen, kuma su ne ke yi wa iyayensu tafinta a asibiti da ofis. Sai dai Koriyancin Seoul suke koya. Koryo-mar kuwa, wanda ya tsallake taragun dabbobi da ramukan Ushtobe, yana ƙarewa tare da tsofaffin da suka rage, masu nazari irin su Ross King suna ta ƙoƙarin taskace abin da ya saura.

Da na kawo nan a aji, sai na ce wa ɗalibin nan yana da rabin gaskiya. Jini ne ya samar wa waɗannan mutane biza, amma bai samar musu wurin zama a majalisar dattawan gida ba. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to wanda bai koyi kukan ba, da me za a gane shi ranar da ya dawo? Koryo-saram suna da uzuri, domin ƙarfin mulki ne ya rufe makarantunsu. Mu da muke renon 'ya'yanmu a Abuja da Legas da Landan da Jidda, muna alfahari da cewa ba sa jin komai sai Turanci, babu wanda ya loda mu a tarago. Na sha ganin yaro ya je hutu ƙauye, kakarsa na yi masa wasa da kirari, shi kuma yana kallon uwarsa ta fassara masa. Ba na cewa a hana yara harsunan da za su ci abinci da su, domin ƙwaƙwalwar yaro tana ɗaukar biyu da uku ba tare da wahala ba, kuma wannan sanannen abu ne a fagenmu. Abin da nake roƙo ƙarami ne: a bar harshen gida ya ci gaba da zama na gida, a yi gaisuwa da shi, a yi faɗa da shi, a yi tatsuniya da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.